Yadda za a rubuta kwanan wata a rumbun bayanan lafiyar dabbobi

Abokan aiki, darasinmu na yau a kan gurbin kwanan wata ne, wanda muke cikewa da gaggawa a kowane rahoto. A aikina na duba rahotannin da ke zuwa Zinder daga Tanut, Gure, Mirya da Magarya, wannan gurbin ne ya fi kawo ruɗani.

Ku dubi 03/04/2024. Mu a Nijar, bisa tsarin Faransa, 3 ga Afrilu ke nan. Kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka kuwa wata take fara karantawa, sai ta ɗauka 4 ga Maris. Tazarar kwana 30 ce. Annobar tumaki da awaki da ake kira PPR takan bayyana kwana 4 zuwa 6 bayan kamuwa. Idan kwanan wata ya goce da wata guda, garken da ya kamu daga baya sai ya zama shi ne mafarin cutar, a tura allura inda ba can wutar take ci ba. Haka ma kwanakin jira bayan an yi wa saniya allurar magani: lissafi ya karkace, a sha nononta ko a yanka ta da sauran magani a jikinta.

Excel ba ya gargaɗi. A tsarin Amurka, 03/04 zai juya shi shiru, amma 25/04 zai bar shi a matsayin rubutu kawai, tunda babu wata na 25. Alamar ita ce: kwanan watan da ya gane yana jingina dama, wanda bai gane ba yana jingina hagu. In kun ga gurbi ya rabu haka, ku tsaya ku koma ga takardar asali. In kuma kun ga lamba kamar 45385, ba ɓaci ba ne. Excel yana ƙirga kwanaki ne daga farkon 1900, kuma wannan lambar ita ce 3 ga Afrilu 2024.

Maganin shi ne ƙa'idar ISO 8601: shekara da lamba huɗu, sai wata, sai rana, wato 2024-04-03. Ba ta da fassara biyu, kuma tana jeruwa daidai daga tsoho zuwa sabo. Ita KoboToolbox ke amfani da ita a wayoyinmu. Ku guji gajarta sunan wata da Faransanci, domin "jui" na iya zama Yuni ko Yuli.

Sai lokaci. Agogonmu yana gaban na GMT da awa ɗaya, shi ne ma'anar +01:00 da kuke gani a ƙarshen rubutun. Saniyar da ta mutu ƙarfe 00:30 na 1 ga Afrilu, in rumbun ya mayar da lokacin GMT, ta faɗa rahoton Maris. Kada ku goge wannan wutsiyar.

Makiyayi kuma da nasa lissafin. Zai ce "kwana uku bayan sallar layya" ko "ranar kasuwar Mirya". In ya ce "daren Juma'a", daren Alhamis wayewar Juma'a yake nufi, domin a lissafin Musulunci rana daga magariba take farawa. Shekarar Hijira ma ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka sai an duba kalandar shekarar da ake ciki.

Shawarata gurbi uku: na farko maganar makiyayi yadda ya faɗe ta, na biyu kwanan watan da kuka fitar a tsarin ISO, na uku ko tabbas ne ko ƙiyasi. Ku kuma raba ranar da ciwo ya fara da ranar da kuka kai ziyara. Kafin ku fita daji, ku duba kwanan wata da agogon wayarku, domin abin da ta nuna shi za ta liƙa wa rahoton.