Kafin ka ɗauko ɗan kwikwiyo, je ka ga uwarsa

Wani mai kiwo daga ƙasar Isa ya aiko da tambaya: 'yan kwikwiyon da yake ɗaukowa don gadin garke ba sa kai shekara, ko ya nemi karen Turawa? A'a, Malam. Matsalar tana farawa tun daga gidan da aka haife su, kuma karen waje ba zai warware ta ba.

Dubi golden retriever, karen nan mai gashi ruwan zinariya da matasa ke sha'awa a Facebook. Asalinsa daga Skotlan ne, inda Lord Tweedmouth ya fara haɗa irinsa a 1868 don ɗauko tsuntsun da maharbi ya kayar. Yau a Amurka kimanin shida cikin goma na irinsa sankara ce ke kashe su, yawancinsu ba sa wuce shekara 10 zuwa 12, ga ciwon ƙugu da ake gado. Abin ya kai ga gidauniyar Morris Animal Foundation ta fara bin rayuwar karnuka fiye da 3,000 tun 2012 don gano dalili. Masana na ɗora wani ɓangare na laifin kan barbarar dangi da dangi, don a samu kala da siffa. Sannan kare mai gashi biyu zai galabaita a zafin Sabon Birni na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40.

Karenmu na gida da dogon karen Buzaye na Azawak, wanda ke shigowa ta Nijar, sun saba da rana da ƙaya da doguwar tafiya. Su nake ba da shawarar ka nema, amma ba daga kowane hannu ba.

Kada ka karɓi ɗan kwikwiyo a kwali a bakin kasuwa. Je gidan da kanka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don haka uwar za ka fara dubawa: tafiyarta ba ɗingishi, fatarta ba ƙazuwa, kunnuwanta ba cike da kaska ba, kuma ba ta zabura ta ciji kowa. Tambayi shekarunta da ko haihuwarta ta nawa. Karyar da ke haihuwa a kai a kai ba hutu, 'ya'yanta kan fito da rauni. Sai babbar tambaya: wane ne uban? In ɗanta ne ko ɗan'uwanta, haƙura ka tafi, ko da kyauta za a ba ka. Mafarauta da yawa na alfahari da cewa irinsu bai taɓa gauraya ba, kuma wannan ke damuna ƙwarai, domin a irin wannan gida ne cutar gado ke taruwa. Nemi ganin 'ya'yan haihuwar baya. In mai gida zai iya nuna maka kakar tana raye da ƙarfinta, ka samu shaidar tsawon rai da ta fi kowace magana.

Shi kansa ɗan kwikwiyon, ɗaga leɓensa: dasashi ya zama jaja-jaja, in fari ne akwai ƙarancin jini. Ƙaton ciki da siraran ƙafafu alamar tsutsa ce. Kada a raba shi da uwa kafin mako 8.

Cikin abubuwan da suka fi kashe su a watannin farko akwai cutar fabo, mai zuwa da amai da gudawar jini. Rigakafinta kan fara a mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa watanni, saboda haka kada ka ajiye sabo a inda na baya suka mutu. Allurar haukan kare kuma a wata 3, a sabunta duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana sarrafa ta. Tuntuɓi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma ka tabbata allurar daga sanyi aka ciro ta, don wadda ta sha rana ba ta aiki. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a kai shi asibiti a ranar.