Darasi Na Goma Sha Biyu: Lambar Soja A Takardar Sallama

Jama'a, a darasin da ya wuce mun koyi rubuta lambobi har zuwa dubu. Yau za mu ga amfaninsu.

Da wuya a sami garin da babu tsohon soja. Kakanninmu sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka yi daga 1939 zuwa 1945. Waɗansu iyayenmu sun yi yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Har yau samari suna tafiya Zariya a koya musu aikin soja.

Ran da aka ɗauki mutum soja a kan ba shi lamba. Lambar nan tasa ce shi kaɗai. A bataliya ɗaya a kan sami mutum goma masu suna iri ɗaya, amma ba a samun biyu masu lamba ɗaya. Saboda haka a gidan soja lamba ta fi suna ƙarfi. Sa'ad da ya gama aiki kuma a kan ba shi takardar sallama. A cikinta akwai sunansa, da muƙaminsa, da ranar da ya shiga, da ranar da ya fita, da lambarsa.

To, ga misali. A ce akwai wani dattijo a garinku, ya bar soja yana kofur. Ƙarshen lambarsa 4716 ne. Akawun da ya buga takardarsa ya yi sauri, ya buga 4761. Dattijo bai iya karatu ba. Ya karɓi takarda, ya naɗe, ya sa a gwangwani, ya rufe.

Ku dubi lambobin nan a allo: 4716 da 4761. Duka suna da 4, da 7, da 1, da 6. Amma 1 da 6 sun yi musayar wuri. Ta farko dubu huɗu da ɗari bakwai da goma sha shida ce. Ta biyu dubu huɗu da ɗari bakwai da sittin da ɗaya. Tsakaninsu akwai 45. Watau takardar tana maganar wani soja dabam.

Ran nan aka kira tsofaffin soja tantancewa don fansho. Ma'aikaci ya dubi takarda, ya dubi rajista, ya ce, "Baba, lambar nan ba taka ba ce." Dattijo ya ce, "Ɗana, lambata ko cikin barci aka tashe ni sai in faɗe ta." Ma'aikaci ya ce, "Na yarda, Baba, amma takarda mu ke bi." Kuɗi ya tsaya, ga iyali, ga damina ta kawo kai.

Me ya kamata ya yi? Da fari ga abu biyu da ba a yi.

Kada ya kankare lambar, kada ya sa wani ya gyara da biro. Takardar hukuma in an taɓa ta ta lalace, har a zargi mai ita da jabu. Kada kuma ya ba wani ɗan bakin ofis kuɗi don ya ce ya san hanya. Wanda ya ajiye rajista shi ne ya ke gyara kuskure.

Ga abin da a ke yi, bi da bi.

1. Ya tattara dukan takardun da ke ɗauke da lambar gaskiya: katin shaida na soja, takardar ƙarin girma, takardar albashi, ko ta asibitin bariki.

2. Ya sa a yi musu kwafi. Na asali ya riƙe a hannunsa, ya nuna in an ce ya nuna.

3. Ya tafi ofishin Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya na jiharsa, ya nemi shawara. An kafa ƙungiyar nan a 1964 don taimakon irinsa. Matambayi ba ya ɓata.

4. In an bukaci takardar rantsuwa, ya tafi kotu ya yi. Amma ku sani, rantsuwa shaida ce kawai. Ba ta gyara rajista.

5. Ya rubuta wasiƙa zuwa ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa, wanda ke Lokoja. Ya aika da kwafinta ga Hukumar Fansho ta Soja a Abuja.

6. Ya ajiye kwafin wasiƙar, da rasit na gidan waya, ya rubuta kwanan wata. In ya ji shiru, ya sake rubutawa, ya ambaci ta farko.

Wasiƙar ba ta bukatar tsawo. Ga abin da za ta ƙunsa, sai a sa shi cikin Turanci in an bukata:

"Ranka ya daɗe, ni ne Kofur ........ Na shiga soja ran ........ Na fita ran ........ An rubuta 4761 a takardar sallamata. Lambata ta gaskiya 4716 ce. Ga kwafin shaidu guda uku. Ina roƙo a gyara."

In amsa ta zo, ya zauna ya karanta sabuwar takarda lamba lamba, yana bi da yatsa, daga hagu zuwa dama. Ya sa wani kuma ya sake dubawa.

Kada mutum ya ce, "Na tsufa, a bar shi haka." Bayan ransa matarsa da 'ya'yansa takardar nan za su ɗauka su nemi hakkinsu. Shi yana iya faɗin lambarsa da baki, su kuwa ba su san ta ba.

Wannan magana ba ta soja kaɗai ba ce. Lambar katin ɗan ƙasa, watau NIN, tana da alƙaluma 11. Ta banki, watau BVN, ita ma 11. Duk ran da aka miƙo maka takarda, kada ka bar gaban tebur sai ka karanta lambarka.

Tambayoyi

1. Don me lamba ta fi suna ƙarfi a gidan soja?
2. Nawa ne tsakanin 4716 da 4761?
3. Wane abu biyu ne ba a yi wa takardar da ke da kuskure?
4. A wane gari ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa ya ke?

Aiki

Rubuta waɗannan a allonka, abokinka ya duba: 3058, 3508, 3850. Sa'an nan in akwai tsohon soja a gidanku, ka gaishe shi, ka roƙe shi ya faɗi lambarsa da baki, kai kuwa kana duba takardar.