Darasi: Fure a gefen lambu domin ƙudan zuma

'Yan'uwa manoma, littattafan lambu na Turawa suna yabon wani fure mai suna Kniphofia. Kansa ja ne da rawaya kamar bakin wuta. Asalinsa duwatsun Afirka ta Kudu ne da Habasha, inda akwai sanyi da laima. Kada kowa ya ɓata kuɗinsa a kansa. Zafin Afrilu na ƙasar Gumel, da rairayin Gagarawa da Sule Tankarkar wanda ba ya riƙe ruwa, za su wahalshe shi. Amma ɗaya daga cikin dalilan shuka shi ya shafe mu: yana kiran ƙudan zuma.

Ku dubi kankana. Furenta iri biyu ne, namiji da mace. Macen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindi. Takan buɗe da safe, rana ɗaya tak, kuma dole ƙudan zuma ya kawo mata garin furen namiji. Sauka ɗaya ba ta isa ba, sai kamar sau 8. In bai zo ba, ƙullutun ya yi rawaya ya faɗi, ko kankanar ta fito a karkace, dillali ya karya ta ran Alhamis a kasuwar Maigatari. Kabewa da gurji ma haka suke. Sau da yawa akan ɗora wa iri ko taki laifi, alhali baƙon ne bai zo ba.

Da rani daji ya bushe, ƙudan zuma yakan bi inda abinci yake. To, me za mu shuka masa?

Furen nan na Turawa yana da ɗan'uwa a ƙasarmu, wato zabo, mai ganye mai kauri da ɗige-ɗige kamar na zabuwa. Shekara da shekaru yake yi a wuri ɗaya, yana fid da jan fure. A cire 'ya'yan gindinsa a dasa taki ɗaya tsakani, a fili inda rana take bugawa, ban da inda ruwa yake kwanciya. Amma a ganina zogale ya fi shi. Reshe mai tsawon kamu biyu ya isa dashe, furensa yana daɗewa, ga kuma ganye don kwaɗo. Gawo kuwa bayan kaka yake fure, lokacin da ciyawa ta ƙare. A rage sare masa rassa a lokacin. A ajiye kasko da ruwa a inuwa, da tsakuwa a ciki don kada su nutse.

Saura maganar feshi. Wanda ya fesa maganin ƙwari da hantsi, fure a buɗe, ba nasa ƙudan kaɗai ya kashe ba, har da na maƙwabci. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. A taronku na wannan wata ku yi shawara ku tsai da doka: feshi sai da yamma lis, bayan ƙudan zuma ya koma amya.