Gudun Famfalaki, Uwargida da Sujadar Lahadi

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a Jos, ina shirin shiga gudun famfalaki na Legas. Atisaye ya cinye mini lokaci, matata ta fara ƙorafi, sujadar Lahadi ma ina makara. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kilomita 42 ba abin wasa ba ne, kuma na yaba maka. Amma ƙorafin uwargida ya fi damuna. Ka zauna da ita, ka nuna mata jadawalinka, ka bar ta ta zaɓi ranar da ba za ka taɓa takalmin gudu ba. Wadda aka yi shawara da ita takan zama mai ƙarfafa gwiwa.

Gudu sau huɗu a mako ya ishi mai shirin tserensa na farko. Uku gajeru ne, da asuba kafin yara su tashi, a hankali yadda za ka iya magana kana gudu. Dogon kuwa ka mayar da shi Asabar. A daren Juma'a ka kwanta da wuri, domin barci ma atisaye ne.

Batun Lahadi, ka tuna Eric Liddell, ɗan Sukotlan da ya ƙi tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Paris a 1924 saboda zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi, sannan ya ci zinare a mita 400. Kai hutun ma jikinka yana bukatarsa bayan wahalar Asabar. Ka kama hannun yaranka ku isa coci kafin waƙar farko.