Rukuɓu: abin da masu bincike suka gani a cikinsa

Ƴan'uwa manoma, darasinmu na yau a kan rukuɓu ne, wanda wasu ke ce ma zaki banza. Kowa ya san shi. Da ruwa ya sauka sai ya fito a kan juji, da bakin garke, da bayan gida. Akwai mai ƙaya, akwai marar ƙaya. Ɗan'uwan alayyaho ne, sai dai shi ba wanda ke shuka shi. Mata na ɗebo ganyensa su yi miya ko kwaɗo.

Tun da daɗewa mutane ke magani da shi. Don haka masu bincike suka so su ga abin da ke ciki.

Ga yadda suke yi. Sukan shanya ganye ko kara a inuwa, su daka ya zama gari. Sai su jiƙa garin cikin alkol, wato irin ruwan nan da malamin likita ke shafa ma fata kafin ya yi allura. Me ya sa ba ruwan rijiya ba? Saboda akwai sinadaran da ruwa ba ya iya narkarwa, amma alkol na jawo su. Bayan kwana biyu ko uku sai a tace, a bar alkol ɗin ya tashi duka. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne, mai kauri, kore shar. Shi ake aunawa a gwada.

A ƙasar Indiya an ba ɓeraye masu ciwon sukari wannan tatacce, sukarin jininsu ya sauka. An kuma ga yana rage ma ɓera zafin jiki da kumburi. A Burkina Faso, cikin 2006, an bayyana wani gwaji da aka yi da rukuɓu mai ƙaya: ya rage ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro a jinin ɓeraye.

To, a nan ne za mu tsaya mu yi hankali. Ɓera ba mutum ba ne. Ƙwayar zazzaɓin da aka sa ma ɓerayen nan ma dabam take da wadda ke kama ƴaƴanmu. Kuma rage cuta ba shi ne kashe ta ba. Yaron da jikinsa ya yi zafi cikin damina, a kai shi likita ranar, a duba jininsa. Idan aka tsaya dafa ganye kwana biyu, ciwon na iya hawa kansa, ko ya shanye masa jini. Mai ciwon sukari kuma kada ya aje maganinsa don ya ji labarin ɓerayen Indiya.

Kada kowa ya ce zai jiƙa rukuɓu cikin alkol a gida ya sha. Wani alkol ɗin da masu bincike ke aiki da shi, sunansa metanol, guba ne. Ɗan kurɓi na makantar da mutum, in ya yi yawa ya kashe shi. Da ido ba ka bambanta shi da na likita.

A ganina, babban amfanin rukuɓu cikin tukunya yake. Ganyensa na da sinadarin ƙarfe mai gina jini, da bitamin A mai kare ido daga dundumi. Mai ciki da yaron da aka yaye suna bukatar su ƙwarai. A ɗebi ganye ƙanana, a wanke sosai, a tafasa, a zubar da ruwan farko. A sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli, don jiki ya fi karɓar bitamin A in akwai maiƙo.

Makiyaya kuma ku kula. Rukuɓun da ya tashi inda taki ya taru yana tara wani gishiri mai lahani. Dabba mai yunwa in ta cika ciki da shi kaɗai tana iya faɗuwa ta mutu. A fara ba ta harawa ko ciyawa tukuna.