Kircin Yara da Hunturun Kano

Da zarar hunturu ya kama, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iyaye mata sukan cika layin asibiti da yara masu susa har jini. Sau da yawa abin da ke damun yaran nan shi ne kirci, wanda likitoci ke kira egzima. A wasu ƙasashen duniya yakan taɓa yaro ɗaya cikin biyar.

Da farko a sani, ba a ɗaukarsa. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba kuma sammu ba ne. Gadonsa ake yi, kuma ya fi yawa a gidan da ake da masu asma ko yawan atishawa. Fatar irin wannan yaro ba ta riƙe danshi, sai ta bushe, ta tsattsage, ƙura da sabulu su shiga su ta da ƙaiƙayi. Jariri a kumatu yake fito masa. Wanda ya tasa kuwa, a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa da wuya. A fatarmu ba lalle a ga ja ba. Wurin yakan yi duhu ko fari-fari kamar an barbaɗa toka. Amma in kowa a ɗaki yana susa da dare, har da tsakanin yatsu, to a binciki ƙazuwa, ita kam ana ɗauka, maganinta kuma dabam.

Kada wani ya ce ai mu a Nassarawa muke, gidanmu tsaf. Kirci bai san unguwa ba. Hasali ma iyakwandishan da ke kwana yana aiki ƙara busar da fata yake yi, kafet kuma matattarar ƙura ce. Ga turaren wuta da humra da ake turare kayan jariri da su, ga maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a ruwan wanka. Duk gata ne a ganin uwa, amma fatar yaron wahala take sha.

Babban magani shi ne mai. A yi wa yaro wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, minti 5 zuwa 10, ban da soso, ban da sabulun salo ko mai ƙamshi. A tsane jikin da tawul a hankali, kada a goge. Tun jikin na da laima a shafe shi da basilin marar turare ko man kaɗanya tsantsa, a maimaita aƙalla sau biyu a yini, ko da ƙurajen sun kwanta. A yanke masa farce. A sa masa rigar auduga kafin a ɗora ta sanyi.

Inda ake yin ɓarna shi ne kemis. Uwa ta nuna kumatun ɗanta, a miƙo mata man nan mai haɗin magani uku, ta matse shi cikin man shafawar yaro. Kwana biyu ƙuraje sun ɓace, yaro har ya yi haske, maƙwabta na yabawa. Alhali a ciki akwai sitiroyid mai ƙarfi, irin su kulobetasol ko betametason, wanda ke sirantar da fata, ya ratsa cikin jini, har ya iya taɓa girman yaro. Ranar da aka daina kuma ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Sitiroyid ba abin gudu ba ne in likita ya rubuta: yakan fara da mai sauƙi, haidirokotison kashi 1 cikin 100, a kan wurin ciwon kaɗai, na 'yan kwanaki.

Haka nan kada a hana yaro ƙwai ko madara ko gyaɗa a kan zaton su ke tayar masa da kircin. Sai likita ya tabbatar.

In wurin ya fara tsatsafar da ruwa, ya yi ɓawo ruwan ɗorawa, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito a cunkushe tare da zazzaɓi, a kai yaron asibiti a ranar. Ga Asibitin Muhammad Abdullahi Wase nan cikin Nassarawa, ga na yara na Hasiya Bayero a cikin gari. In ciwon ya ƙi ji, a nemi takardar turawa zuwa wurin likitocin fata na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya.