DARASI: LADUBBA DA HUKUNCE-HUKUNCEN TAFIYA DA IYALI ZUWA TAWA DOMIN ZIYARAR ƊALIBI

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mutanen Adar ba baƙin tafiya ba ne. An san mu da fita bida zuwa Abijan da Legas da Libiya tun zamanin kakanni. Amma irin wannan tafiya ta namiji ce shi kaɗai: ya kwana a tasha, ya jure yunwa, ya yi salla inda ta same shi. Tun da aka kafa jami'a a garin Tawa a shekarar 1431 Hijira, wato 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar, sai wata irin tafiya ta daban ta shigo gidajenmu. Magidanci kan ɗauki matarsa da ƙananan yara, wani lokaci har da tsohuwa, su tafi ganin ɗansu ko 'yarsu da ke karatu a can. Wanda ya saba tafiya shi kaɗai yakan auna ƙarfin iyalinsa da nasa, daga nan ne ake samun wahala da asarar salloli, wani lokaci ma da asarar rai. Manufar wannan darasi ita ce mu gane cewa jagoran iyali yana tafiya ne da ƙarfin mafi raunin cikinsu, kuma shari'a ta ba shi sauƙin da zai yi haka ba tare da ya tauye ibadarsa ba.

1. NIYYA

Wannan tafiya ta haɗa alheri biyu, sada zumunci da taimakon mai neman ilmi. Ƙasarmu kuwa tana da tarihi a wannan fage. Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karatu a wurinsa, malamin wannan yanki ne, kuma Shehu ya bi shi har Agadas. Shi kansa Shehu an haife shi ne a Maratta a 1754, cikin ƙasar da a yau take jihar Tawa. Don haka iyayen da suka bar ɗansu ya yi nisa da gida saboda karatu, ko na addini ko na shari'ar zamani da tattalin arziki da aikin koyarwa irin wanda ake yi a jami'ar Tawa, suna kan turbar magabata muddin niyya ta gyaru. A ƙulla niyyar ziyara saboda Allah, ba don a je a nuna wa mutane sabuwar mota ko sababbin tufafi ba.

2. SHIRI KAFIN TASHI

Tawakkali ba ya kore shiri. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci wani mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah. Ɗaure raƙumi a wannan zamani shi ne:

(a) A duba mota tun ana jibi a tashi: birki, tayoyi har da ta ajiya, fitilu, ruwan inji da mai. Wanda zai shiga motar haya ya zaɓi wadda ba a danne ta da lodi ba, ko da kuɗinta ya ɗara.

(b) A haɗa takardun shaida na manya da takardun haihuwar yara da takardun mota, domin akwai shingayen jami'an tsaro a hanya. Masu zuwa daga Sakkwato ta Illela da Ƙonni su tabbatar da halin da iyaka take ciki, su kuma canza kuɗinsu zuwa saifa.

(c) A yi guzuri. Annabi Musa (A.S.) da kansa ya ɗauki guzuri a tafiyarsa ta neman ilmi, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi. A ɗauki ruwa fiye da abin da ake zaton za a sha, da buta, da tabarmar salla, da abincin da ba ya saurin lalacewa kamar gumba da dabino da ƙuliƙuli da cuku, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawar yara.

(d) A sanar da ɗalibin ranar zuwa, a tambaye shi ko lokacin jarrabawa ne. Ziyarar da za ta raba shi da littafinsa ana gobe jarrabawa cutarwa ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya.

(e) Mai mata fiye da ɗaya ya yi adalci. Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin cewa Annabi (S.A.W.) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Idan uwar ɗalibin ce za ta tafi, a yi wa abokiyar zamanta bayani da lallashi, kada ta ji labari a bakin maƙwabta.

3. LOKACI DA HANYA

Annabi (S.A.W.) yana son fita tafiya ranar Alhamis, kuma ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammako. A ƙasarmu hikimar sammako a fili take. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa yakan haura digiri 40, jariri da tsoho ba su jure wa tsakar rana a cikin mota, kuma bazara ce lokacin sanƙarau. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa yakan gangaro daga tuddan Adar ya cika koramai cikin ɗan lokaci. Kada direba ya afka wa korama mai gudu don ya ga wani ya wuce, a jira ruwa ya janye. Da hunturu kuma hazo yakan rage gani, sai a rage gudu, a lulluɓe yara.

Mai zuwa daga Yamai ko Ƙonni ko Madawa zai bar babbar hanya a mararrabar Tsarnawa ya yi arewa, ya bi ta Badagishiri ya shiga Tawa. Mai zuwa daga Agadas ko Abalak zai biyo ta Tabalak. A kowane ɓangare akwai manyan motocin kaya da amalanke da dabbobi masu tsallaka hanya, saboda haka a guji tafiyar dare. Mutanen arewa mai nisa su ƙara da tambayar halin tsaro kafin su ɗaura kaya. Ba mu manta da kisan da aka yi wa mutane fiye da 130 a ƙauyukan yankin Tiliya a watan Maris na 2021 ba. Allah ya jiƙansu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.

Game da gudu, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya umurci Anjasha, mai kora raƙuman da mata suke kai, da ya sassauta, ya kuma kamanta matan da kwalabe masu saurin fashewa. Idan an hana gaggawa a kan raƙumi, ina ga mota? Magidancin da ya ga direba yana ganganci ya yi shiru don kada a ce da shi matsoraci, ya ci amanar waɗanda ya ɗauko. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. A karanta addu'ar hawa abin hawa da ke Suratuz Zukhruf aya ta 13 da ta 14, a koya wa yara ita tun daga gida.

4. SALLAR MATAFIYI

Asalin ƙasaru yana cikin Suratun Nisa'i aya ta 101, kuma a mazhabar Imamu Malik sunna ce mai ƙarfi. Ga abin da ya kamata a kiyaye:

(a) Nisan da ake yin ƙasaru a kansa shi ne baridi huɗu, wato mil 48, wanda malamai suka kimanta da kilomita 80 ko sama da haka kaɗan, zuwa kawai ban da dawowa. Don haka mai tasowa daga Ƙonni, inda nisa ya wuce kilomita 100, ko Abalak mai wajen kilomita 135, ko Agadas mai wajen 400, ko Yamai mai fiye da 500, zai yi ƙasaru. Amma mutumin Tabalak ko Badagishiri ko Kalfu ko Barmu ko Bambai zai cika sallarsa, domin garinsa bai kai wannan nisa ba, ko da hanya ta wahalar da shi.

(b) Azahar da La'asar da Isha'i ake mayarwa raka'a biyu. Asuba da Magariba suna nan yadda suke.

(c) Ba a fara ƙasaru sai an wuce gidajen gari, kuma ana ci gaba da shi har a dawo gare su.

(d) Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Tawa, ko abin da zai kai salla ashirin, ya cika salla da zarar ya sauka. Misali, iyalin da suka taso daga Abalak suka iso ranar Alhamis da hantsi da niyyar komawa ranar Lahadi da safe, ƙasaru za su yi. Idan kuwa sun yi niyyar mako guda, cikawa za su yi. Shi ɗalibi mai zaman watanni cikawa yake yi a Tawa, ya yi ƙasaru a hanya idan zai tafi hutu, ya cika idan ya shiga garinsu.

(e) Matafiyin da ya bi limami mazaunin gari zai cika tare da shi.

(f) Haɗa salloli biyu ya halatta ga mai tafiyar ƙasa ko da bai kai nisan ƙasaru ba. Idan rana ta yi zawali kuna a tasha, kuma kun san ba za ku sauka ba sai bayan faɗuwarta, ku yi Azahar ku jawo La'asar ku haɗa. Idan zawali ya same ku a cikin mota kuma za ku sauka kafin rana ta yi fatsifatsi, ku jinkirta Azahar ku haɗa ta da La'asar.

(g) Idan ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwar yara, a bar musu shi a yi taimama, bisa ga Suratul Ma'ida aya ta 6.

(h) Fita tafiya ranar Juma'a bayan ketowar alfijir makaruhi ne ga wanda Juma'a ta wajaba a kansa, bayan zawali kuwa haramun ne, sai fa idan ya san zai same ta a hanya.

Game da azumi, Suratul Baƙara aya ta 184 da ta 185 sun ba matafiyi izinin sha ya rama. Sharaɗinsa a mazhaba shi ne tafiyar ta kai nisan ƙasaru kuma a fita kafin alfijir. Mai iko ya yi azumi ya fi, amma kada miji ya tilasta wa mai ciki ko mai shayarwa yin koyi da shi.

Ku lura, ya 'yan'uwa, duk waɗannan sauƙaƙe sun toshe uzuri biyu: ba wanda zai ce ya bar salla saboda tafiya, kuma ba wanda zai ce ya sa direba ya ƙara gudu saboda salla.

5. IDAN AN SAUKA

Ɗakin ɗalibi ba masaukin iyali ba ne, sau da yawa su uku ne ko huɗu a ciki. A nemi masauki wurin dangi ko ɗakin haya tun kafin a taso. Haƙƙin baƙo a sunna kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce, don haka kada a ƙuntata wa mai gida. A riƙo masa tsaraba, a zo da gidan sauro. Ranar Lahadi babbar kasuwar Tawa take ci, mai son sayayya ya riƙe hannun yaransa saboda cunkoso.

Gani ya kori ji. Uba ya je ya ga inda ɗansa yake kwana, da abin da yake ci, da masallacin da yake salla, ya gaisa da abokansa. Idan 'ya mace ce, uwa ta keɓe da ita ta saurare ta, uba kuma ya san wanda take hannunsa ya yi masa godiya. Gero da wake da kuka da daddawa da sabulu sun fi amfani ga ɗalibi bisa ga kayan ƙawa. Abin da aka gani na gyara a faɗe shi a keɓe, domin faɗa a gaban abokai yakan sa yaro ya ɓoye damuwarsa daga baya.

Kai kuma ɗalibi, ka tari iyayenka a tasha, ka durƙusa ka gaishe su kamar yadda ka saba a gida, ka ɗauki kayan mahaifiyarka da hannunka. Ka gabatar da su ga abokanka ba tare da jin nauyi ba, ko da ba su jin Faransanci, ko da ƙurar hanya tana jikinsu. Wataƙila tunkiyar gida aka sayar aka biya kuɗin motar nan. Ilmin da ya sa mutum jin kunyar mahaifinsa bai amfane shi ba tukuna.

6. KOMAWA

Hadisi ya siffanta tafiya da cewa yanki ce ta azaba, ya kuma umurci wanda ya gama buƙatarsa da ya gaggauta komawa ga iyalinsa. A yi sallama da ɗalibi da addu'a da sa albarka, a tashi da sassafe, a sanar da mutanen gida lokacin isowa domin an hana faɗo wa iyali da dare ba sanarwa. Idan an iso, sunna ce a fara da masallaci a yi raka'a biyu.

TAMBAYOYIN BITA

1. Iyali sun taso daga Tabalak zuwa Tawa. Za su yi ƙasaru? Za su iya haɗa salloli?
2. Magidanci daga Ƙonni ya yi niyyar kwana shida a Tawa. Yaya zai yi sallarsa a hanya, yaya kuma a cikin gari?
3. Wane darasi direba zai ɗauka daga ƙissar Anjasha?

Allah ya tsare matafiyanmu, ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu, ya sa mu yi aiki da abin da muka karanta. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.